'Ya'yan Wardin Daji: Abincin Tsuntsaye a Ƙarshen Kakar Ƙasar Ingila

1. Gabatarwa

Wanda duk ya taɓa ratsa karkarar ƙasar Ingila cikin watan Nuwamba, ya bi 'yan hanyoyin da ke tsakanin gonaki, ba zai rasa lura da wani abu guda ba. Itatuwan da aka yi shingen gonaki da su duk sun kaɗe ganye. 'Ya'yan itace iri iri da suka cika su tun watan Satumba, tsuntsaye sun cinye da yawa, suna kan cin saura. Amma ga waɗansu jajayen 'ya'ya nan rataye bisa dogayen rassa masu ƙaya, sun nuna sarai, ana hangensu daga nesa, ba safai tsuntsu ya kula su ba. Waɗannan su ne 'ya'yan wardin daji.

Mai lura zai tambaya, shin ba su ciwuwa ne? In kuwa suna ciwuwa, me ya sa aka bar su alhali yunwa ta soma matsowa? Amsar ita ce, suna ciwuwa ƙwarai, kuma jinkirin da ake yi kafin a taɓa su shi ne babban amfaninsu. Su ne ajiyar da ke saura bayan abinci mai daɗi ya ƙare. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana yadda wannan al'amari yake: siffar itacen, tsuntsayen da ke cinsa, dalilin da ya sa suke barinsa sai ƙarshe, da kuma yadda aikin manomi na rana guda yake iya kawar da ajiyar nan baki ɗaya.

Tun da yake itacen da tsuntsayen duk baƙi ne gare mu, ba su da suna a Hausa, za mu ba da sunan Latin na kowanne, sa'an nan mu laƙaba masa suna bisa ga siffarsa don sauƙin karatu. Kalmar wardi dai ba baƙuwa ba ce, mun same ta daga Larabci, mun kuwa san ta cikin turaren wardi da ruwan wardi.

2. Kakarsu da tamu

Kafin a shiga maganar itace ya kamata a gyara wani ruɗani da fassara takan kawo. Mun saba kiran lokacin da ke tsakanin Satumba da Nuwamba a Turai da sunan kaka, domin a nan ne su ma suke ƙare girbi. Amma idan Bahaushe ya ji an ce kaka, abin da ke zuwa masa a rai shi ne wadata: rumbuna cike, hatsi ya yi araha, tsuntsaye na kalar abin da ya zube a gona. Ƙarshen kakar Ingila kuwa, ga tsuntsu, ƙofar yunwa ce. Ya fi kama da abin da mu ke ji idan damina ta yi nisa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba.

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko gajartar yini. A birnin London, ƙarshen Nuwamba, rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, watau wajen lokacin da mu nan ake kiran la'asar. Zuwa 21 ga Disamba yini bai cika awa 8 ba, dare kuwa ya zarce awa 16. A Kano yini mafi gajarta ya fi awa 11. Yawancin tsuntsaye da ido suke neman abinci, saboda haka lokacin kiwo ya ragu, lokacin azumi ya ƙaru.

Na biyu sanyi. Zafin jikin tsuntsu yakan kai digiri 40 zuwa 42 a ma'aunin Santigiret, ya fi na mutum, kuma tilas ya riƙe wannan zafi dukan dare ko da ruwa na daskarewa kewaye da shi. Abin da yake hura wutar jikin da shi kuwa shi ne kitsen da ya tara da rana. Ƙaramin tsuntsu yakan rasa har kusan ushirin nauyinsa cikin dare guda mai tsananin sanyi, in bai mai da shi washegari ba, da wuya ya ga safiya ta biyu ko ta uku.

Na uku ƙarewar abincin da aka saba. Ƙwari sun mutu ko sun ɓuya. Tana, wadda ita ce babbar cimar tsuntsayen da za mu ambata, tana samuwa muddin ƙasa na da laushi, amma da zarar raɓa ta daskare bisa ƙasa, ko dusar ƙanƙara ta rufe ta, tana takan nutse can ciki, baki ba ya iya tono ta. To, a irin wannan rana ba sauran abin dogara sai abin da ke rataye bisa rassa.

3. Itacen da 'ya'yansa

Wardin dajin da ya fi yawa a Ingila shi ne wanda masani Linnaeus, mutumin Suwidin, ya rubuta da sunan Rosa canina a 1753. Ma'anar sunan ita ce wardin kare. Tun zamanin Rumawa ake danganta shi da kare, gama Pliny Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ruwaito cewa saiwar wardin daji maganin cizon mahaukacin kare ce. Wannan dai camfi ne, amma sunan ya zauna. Itacen yana fitowa da kansa a yawancin Turai, da yammacin Asiya, da arewa maso yammacin Afirka. Kudu da Sahara kuwa wardin da ke tsiro da kansa shi ne Rosa abyssinica na duwatsun Habasha.

Ba shi da gindi mai kauri. Dogayen rassa yake fitarwa masu lanƙwasa, masu ƙaya kamar ƙugiya, yana maƙale wa itatuwan da ke kusa yana hawa, yadda sarƙaƙiya take yi a dajinmu. Yakan kai ƙafa 10, wani ma ya fi. Yana fure cikin Yuni da Yuli, furen fari ne ko mai ɗan ja-ja, da ganye biyar kacal, ba cunkus kamar wardin lambu ba. Bayan ƙudan zuma da sauran ƙwari sun kai masa garin fure, sai gindin furen ya kumbura, ya zama ɗa. Da fari kore ne, zuwa Satumba da Oktoba ya rikiɗe ja. Tsawonsa wajen kashi uku cikin huɗu na inci ne, kaurinsa wajen rabin inci, watau kamar ɗan magarya da aka ja shi ya yi tsawo.

Idan aka tsaga shi za a ga abu uku. Akwai tsoka ja, siririya, mai tauri da tsami. Akwai ƙwayoyi masu ƙarfi kamar tsakuwa, sau da yawa sukan kai 20 ko fiye. Akwai kuma wani gashi mai kaifi da ya kewaye ƙwayoyin, wanda ke sa susa kamar ƙaiƙayin gero, har yaran Ingila sun daɗe suna zuba wa juna shi cikin riga don tsokana. A wurin masanan tsiro, abin da muka kira ɗa ƙoƙon fure ne da ya yi tsoka, ƙwayoyin nan na ciki su ne 'ya'yan na ainihi, kowace da iri guda a cikinta.

Tsokar tana da sukari, tana da sinadaran da ke ba ta launin ja, irin waɗanda ke cikin tumatir da karas, amma kitsenta kaɗan ne. An fi saninta da yawan bitamin C, wanda ya ninka na lemo sau da yawa. Saboda haka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da jiragen ruwa suka daina kawo lemo Ingila, Ma'aikatar Lafiya ta sa 'yan makaranta da ƙungiyoyin mata suka shiga tsinkar 'ya'yan wardi. A kakar 1941 an tara kimanin tan 200, aka dafa aka yi wa yara ruwan zaƙi da shi. Sai dai kada a ɗauka bitamin ɗin ne ke jawo tsuntsaye. Jikin yawancin tsuntsaye yana yin nasa da kansa. Abin da suke nema shi ne sukarin da zai ɗumama su.

4. Masu haɗiya da masu fasawa

Tsuntsayen da ke zuwa wa wardi kashi biyu ne, bambancinsu kuwa yana da muhimmanci ga itacen.

Kashi na farko su ne masu haɗiye ɗan ɗungum. Yawancinsu 'yan zuriyar Turdus ne, dangin wani tsuntsu mai ruwan ƙasa da rawayan baki, Turdus pelios, da ake gani yana tsalle-tsalle cikin lambunan Zariya da Jos. Babba cikin masu cin wardi shi ne Turdus merula, baƙi mai rawayan baki, wanda girmansa ya kusa na kurciya, nauyinsa wajen giram 100. Yana zaune a Ingila shekara duka, amma da kaka waɗansu dubbai sukan ƙaru daga ƙasashen arewa. Na biyu shi ne Turdus pilaris, mai tokan kai. Shi baƙo ne, yana hayayyafa a Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha, yana isowa garke garke cikin Oktoba da Nuwamba, bayan ya ƙetare Tekun Arewa, tafiyar da ta fi mil 300 ba wurin sauka. Tare da shi ƙanensa yake zuwa, Turdus iliacus, jan hammata, wanda ake jin siririn kukansa da dare yana wucewa bisa garuruwa. Jan hammata ƙarami ne, bakinsa bai cika buɗuwa yadda zai haɗiye babban ɗan wardi ba, saboda haka ya fi son ƙananan 'ya'yan itace, wardi kuwa sai ya zaɓi ƙanana ko ya tsattsage waɗanda suka yi laushi. Akwai kuma Turdus viscivorus, wanda ma'anar sunansa ita ce maci kauci. Shi ne babbansu duka, yana da wata ɗabi'a ta kama itace guda mai 'ya'ya ya tsare shi, ya riƙa korar kowa, don ya sami abin ci idan kwanaki suka yi tsanani.

Cikin masu haɗiya akwai wani baƙo da ba kowace shekara yake zuwa da yawa ba, shi ne Bombycilla garrulus, mai tukku. Gidansa dazuzzukan can arewa ne, cimarsa ta hunturu kuwa 'ya'yan itacen Sorbus aucuparia. Shekarar da itacen nan bai yi 'ya'ya sosai a can ba, sai su kwararo kudu dubbai, kamar yadda aka gani a hunturun 1965 zuwa 1966, da na 2023 zuwa 2024. Mai tukku yakan ci 'ya'yan itace fiye da nauyin jikinsa a yini guda, idan abin da ya fi so ya ƙare kuwa yakan koma wa wardi.

Kashi na biyu su ne masu fasawa. Shugabansu Chloris chloris ne, koren tsuntsu mai kaurin baki, irin ƙirar jan-baki amma ya fi shi girma. Shi ba ruwansa da tsoka. Yakan yage ta ya zubar, ya ciro ƙwayoyin ɗaya ɗaya, ya fasa, ya cinye irin da ke ciki. Ya fi son wani wardi mai manyan 'ya'ya kamar ƙananan tumatir, Rosa rugosa, wanda aka kawo daga gabashin Asiya ake dasawa a lambuna da bakin hanyoyi. Wannan tsuntsu ya ragu ƙwarai a Ingila tun wajen 2005 saboda wata cutar maƙogwaro, har a 2021 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron halinsu. Ɓerayen daji su ma masu fasawa ne, sukan hau shinge su ɗebi 'ya'yan su kai cikin tsohuwar sheƙar tsuntsu su ci, su bar ɓawo tsibi.

5. Dalilin jinkiri

David Snow da matarsa Barbara Snow sun shafe shekaru cikin shekarun 1980 suna zama gaban itatuwa a kudancin Ingila, suna ƙidaya wane tsuntsu ya ci wane ɗan itace, a wane wata. Littafinsu, Birds and Berries, ya fito a 1988. Abin da aikinsu da na waɗansu ya nuna shi ne, cin 'ya'yan itace yana da jeri. Masu laushi da ruwa, irin na Sambucus nigra da na ƙayar Rubus, su ake fara cinyewa cikin Agusta da Satumba. Daga nan sai na Sorbus, sa'an nan na Crataegus, wadda ita ce ainihin ƙayar da ake dasa shinge da ita, su ne abincin garkunan baƙi cikin Oktoba da Nuwamba. 'Ya'yan wardi, ko da yake sun yi ja tun Oktoba, ana soma taɓa su ne a ƙarshen kaka, cinsu na sosai kuwa sai Disamba zuwa Fabrairu. Bayansu sai 'ya'yan Hedera helix, wata yaɗuwa mai hawan itace, waɗanda ke nuna a ƙarshen hunturu, masu kitse da yawa.

Abubuwa uku ke mai da wardi baya. Da fari girma: tsuntsun da ke haɗiye abinci ɗungum, faɗin bakinsa shi ne iyakarsa, ɗan da ya kai kaurin rabin inci kuwa sai manya. Sa'an nan tauri: a Oktoba tsokar da ƙarfi take, tana manne da reshe, sai an yi ta fizga. Sa'an nan yawan kaya marar amfani: kusan sulusin nauyin ɗan ƙwayoyi ne da gashi, waɗanda mai haɗiya zai ɗauka cikin ciki ya tashi da su ba tare da sun ƙare shi da kome ba. Muddin akwai abin da ya fi sauƙi, ba tsuntsun da zai wahal da kansa.

To, amma waɗannan halaye su ne kuma ke sa ɗan ya daɗe. Tsoka mai tauri da tsami, marar ruwa da yawa, ba ta saurin ruɓewa. Ɗan da ke riƙe da reshe iska ba ta kaɗo shi, dusar ƙanƙara ba ta binne shi. Sa'an nan idan raɓa ta daskare a kansa da dare ta narke da rana, sau da sau, ruwan da ke cikin tsokar yakan kumbura ya farfasa ƙananan ɗakunan da aka gina ta da su, sai ta yi laushi, zaƙinta ya fito. Daɗewa bisa reshe ita kaɗai ma tana kawo wannan laushi, sanyi gaggauta shi yake yi. Watau sanyin da ya rufe wa tsuntsu ƙasa, shi ne ya buɗe masa wardi. Matsayinsa ga tsuntsu ya yi kama da na anza a ƙasashenmu na arewa, wadda ba a waiwayarta sai shekarar da hatsi ya yi wuya. Da babu gara ba daɗi.

Ana gane darajar irin wannan ajiya a shekara mai tsanani. Hunturun 1962 zuwa 1963 shi ne mafi sanyi da aka gani a tsakiyar Ingila tun 1740. Dusar ƙanƙara ta sauka a ƙarshen Disamba, a wurare da yawa ba ta narke ba sai farkon Maris. Tsuntsaye sun mutu ba adadi, jan hammata da maci kauci na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A irin wannan shekara ko wardin ma yakan ƙare. Amma a shekarun da aka saba, sanyi mai tsanani na kwana biyar ne ko goma, abin da tsuntsu ke bukata kuwa shi ne abin da zai riƙe shi har ƙasa ta sake yin laushi.

6. Ladan itace

Itacen ba sadaka yake yi ba. Irin da ya faɗi gindin uwarsa inuwa takan kashe shi, ko ɓeraye su cinye. Tsokar nan ja lada ce da yake biya don a kai masa 'ya'ya nesa, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Cikin mai haɗiya yana narkar da tsoka da sauri, ƙwayoyin su fita cikin kashi lafiya lau, sau da yawa kafin awa guda, a duk inda tsuntsun ya sauka. Haka kauci yake yaɗuwa daga itace zuwa itace a nan ƙasarmu. Mai fasawa kuwa ya ci lada ya kashe irin, shi ya sa masana ke lissafa shi cikin maɓarnata, ko da yake shi ma ransa yake ceto. Ƙwayar wardi ba ta gaggawar tsira. Tana bukatar ɗumi sa'an nan dogon sanyi kafin ta farka, da yawa ba su fitowa sai shekara ta biyu.

Abin da ya faru a Amurka ya nuna ƙarfin wannan ciniki. A 1866 aka kai can wani wardi daga Japan, Rosa multiflora, mai ƙananan 'ya'ya kamar ƙwayar wake, waɗanda ko ƙaramin tsuntsu yana haɗiyewa. Daga shekarun 1930 hukumar kiyaye ƙasar noma ta Amurka ta riƙa ƙarfafa manoma su dasa shi don shinge da hana zaizayar ƙasa. Tsuntsaye suka watsa irin ko'ina, ya mamaye makiyaya, har jihohi da dama suka sa shi cikin jerin miyagun ciyayi. Ƙanƙantar ɗan ita ce ta yawaita masu ɗaukarsa.

7. Shinge da injin aski

Yawancin wardin dajin Ingila cikin shinge yake. Masani Oliver Rackham ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1850, zamanin da majalisa ta yi dokokin raba filayen gari ana killacewa, an dasa shinge wajen mil 200,000. Ƙayar Crataegus aka fi dasawa. Wardi da sauran itatuwa da yawa daga baya suka shigo, tsuntsayen da ke sauka bisa shingen su suka shuka su. Har wani masani, Max Hooper, ya fito da wata hanyar ƙiyasi, cewa idan aka auna yadi 30 na shinge aka ƙidaya irin itatuwan da ke ciki, kowane iri guda yana nuna kimanin shekara 100. Ƙiyasi ne kawai, amma ya nuna cewa shinge mai wadata aikin ƙarnuka ne.

Bayan 1945, da manyan injunan noma suka yawaita, aka tumɓuke shinge mai yawan gaske don a faɗaɗa gonaki. A 1997 aka yi dokar da ta hana tumɓuke muhimman shingaye a Ingila da Wales ba da sanin hukuma ba. Amma shingen da ya tsira yana da wata matsala, ita ce aski. Yau da inji ake yi, wanda ake ɗaura wa tarakta, yana tafe yana daddatse rassa sama da gefe. Dokar Ingila ta 2024 ta hana askin shingen gona daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta, don kada a ɓata sheƙa. Saboda haka da Satumba ta kama sai injuna su fito, daidai lokacin da 'ya'yan wardi ke soma ja. Abin da zai ciyar da garke a Janairu yakan zube ƙasa cikin awa guda.

Ɓarnar ba ta tsaya ga shekara guda ba. Wardi da Crataegus suna fure ne bisa rassan da suka kwana shekara. Shingen da ake aske wa duk shekara ba ya samun irin waɗannan rassa da yawa, saboda haka furensa kaɗan ne, 'ya'yansa kaɗan. Wani gwaji da Joanna Staley da abokan aikinta suka bayyana a 2012 ya nuna cewa shingen Crataegus da ake aske wa sau ɗaya cikin shekara uku ya ba da 'ya'ya fiye da ninki uku na wanda ake aske wa duk shekara.

Kada a yi saurin ganin laifin manomi, yana da hujjarsa. A Satumba an gama girbi, ƙasa na da ƙarfi, tarakta na iya bin gefen gona. A Janairu da Fabrairu, lokacin da aski ba zai cuci tsuntsaye ba, ƙasar laka takan jiƙe, inji ya nutse ya ɓata shuka. Shingen bakin hanya kuma tilas a rage shi don masu mota su ga gabansu. Shawarar da masana ke bayarwa ita ce a raba shingayen gona kashi biyu ko uku, a aske kashi guda kowace shekara, inda hali ya yi kuma a jinkirta har ƙarshen hunturu. Ta haka kullum akwai wani sashe da ke ɗauke da 'ya'ya.

8. Inda maganar ta shafe mu

Tsuntsayen da ke cin wardi ba su zuwa ƙasar Hausa. Amma shingen nan da suke kiwo cikinsa da hunturu, cikinsa ne waɗansu baƙinmu suke sheƙa a watannin Mayu da Yuni. Ɗaya daga cikinsu shi ne Curruca communis, ɗan ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro. Shi ba ya jiran wardi ya yi laushi, bakinsa ma ba zai ɗauke shi ba. Yakan tara kitse da ƙwari da 'ya'yan itace masu laushi na Agusta, ya ƙetare Sahara, ya yi rani a ƙasashenmu. Masana C. H. Fry da J. S. Ash da I. J. Ferguson-Lees, waɗanda suka yi aiki a Malamfatori bakin Tafkin Chadi suka bayyana sakamakonsu a 1970, sun tarar irin waɗannan tsuntsaye suna ƙiba da 'ya'yan itacen asawaki, Salvadora persica, kafin su juya arewa. Da fari ya auka wa yankin Sahel a 1968, fiye da kashi biyu cikin uku na masu farin maƙogwaro ba su koma Ingila a 1969 ba. Ke nan hanyoyi biyu ne na tsira daga yunwar hunturu: wani ya yi ƙaura, wani ya zauna ya dogara ga ajiya, kowannensu kuwa ransa na rataye ga wani itace mai 'ya'ya da mutane ba su cika kula da shi ba.

Malamin da ke koyar da nazarin halitta a kwalejin horon malamai ba shi da wardin daji a bayan ajinsa, amma yana da hanyar binciken. Abin da Snow da matarsa suka yi bai bukaci kome ba sai ido da agogo da littafin rubutu. Ɗalibai na iya zaɓar itatuwa huɗu ko biyar na kusa da makaranta, kamar ɓaure da magarya da kanya da darbejiya, su rubuta watan da kowanne ke nuna, da tsuntsayen da ke zuwa masa, da wanda ke haɗiya da wanda ke fasawa, da sunan da mutanen wurin ke kiran kowanne. Abin da ya fi cancanta su gano shi ne itacen da ke riƙe da 'ya'yansa a watan da kome ya ƙare, gama shi ne wanda in aka sare, ba a ganin asararsa sai shekarar wahala.